Katifa a Ulaisha

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya jikin Mama? Ya ikilisiya? Nan unguwarmu Ulaisha a Riyad lafiya.

Jiya a asibitinmu wata 'yar aikin gida, Hadiza 'yar Maraɗi, ta riƙe min hannu. "Sista, taimaka a cire cikin nan. An mayar da mijina Nijar, uwar ɗakina ta kore ni."

Duk wa'azinka kan zubar da ciki ya zo bakina, har da ayoyin. Sai na lura ayoyin ba za su ba ta wurin kwana ba. Na ce, "Wannan ba zan iya ba, amma ina da katifa."

Ba ta yanke shawara ba tukuna. Ku sa ta a addu'ar Laraba. A gaida kowa. Hadiza tana barci a ɗakina, bari in ja mata ƙofa a hankali, in tafi aiki.

'Yarka,
Rifkatu