Kwana Goma na Maganin Madam

Hajiya Rabi,

Sallama irin ta mazauna gida ɗaya. Na san ba za ki karanta wannan ba. To da kina raye ma, wace takardata kika taɓa karantawa har ƙarshe?

Wata huɗu ke nan da rasuwarki, unguwarmu Adjamé ta zama abin da ba ki sani ba. Tun rikicin zaɓe harbi bai tsaya ba. Kasuwar Guro rabinta a rufe, kowace kwana da shingen samari masu neman takardar shaida. Mutanenmu, baƙi a ƙasar nan, suna ta komawa gida. Yaya Ilu ya kama mini kujera a motar da za ta tashi jibi, ya ce wataƙila ita ce ta ƙarshe.

Ba zan bi ta ba. Dalili kuwa karyar nan taki ce, wadda kika sa wa suna Madam.

Ta haifi 'ya'ya biyar, sai nono biyu suka kumbura, suka yi ja, suka taurare kamar ɗanyen mangwaro. Ta daina cin abinci, tana haushin 'ya'yanta. Ni da na karance littattafai cike da kabad, sai na je wurin matan da ke tallar magani a tire, na sayo kafso mai ja da rawaya, na ɗura mata kwana biyu. Ta ƙara rikicewa. Dole na sa ta a buhu, na roƙi wani mai taksi, muka haye gada zuwa unguwar Treichville. Likitan dabbobi ya wanke ni tas, kamar yadda kike yi. Ya ba ni antibiyotik na kwana goma, safe da yamma, ya ce in na tsaya a tsakiya ciwon zai dawo da ƙarfinsa. Yau kwana huɗu.

Da ma kin gan ni. Malam guda, durƙushe da tsumma da ruwan ɗumi, ina gasa nonon karya, ina matse mugunya, ina ɓoye ƙwaya cikin kifin gwangwani. Sai wanke hannu da canza riga kafin kowace salla. Ni da na yi shekara shida ina yi miki wa'azin najasa!

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Lokacin da ta ɓace kwana uku kina kuka, ni na kai ta bayan gada na yar. Da ta dawo da ƙafarta, har na taya ki murna. Ta sani, Hajiya. Kullum na miƙa mata ƙwayar sai ta dube ni tukuna. Ta yafe ne, ko yunwa ce?

Yaya Ilu ya ce na haukace, zan mutu saboda kare. Wa zan bar wa ita? Wane direba zai ɗauki karya mai jego cikin alhazai? Haka nake ba shi amsa, ya yi tsaki ya tafi.

Amma ke ba zan yi miki ƙarya ba. Kumburin ya fara sacewa, jiya har ta bar 'ya'yan sun sha. Nan da kwana shida magani zai ƙare, hujjata ta ƙare tare da shi. Ranar zan rasa abin da zan ce wa mutane, domin ba zan iya cewa na kasa barin ki ke kaɗai a maƙabartar Williamsville ba.

Allah Ya haskaka makwancinki. Ki huta, lokacin ƙwayar yamma ya yi.

Mijinki, wanda bai tafi ba,
Malam Hamisu