Safar Hannun Hagu

Miyakonojo, 9 ga Janairu

Baban Sayuri,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jikin? Ina fata kana cin abincin asibitin ba tare da ƙorafin gishiri ba. Mu nan lafiya, sai sanyi.

Sulken kendo, wasan takobin nan naku, da ka yi oda domin jarrabawar mataki na bakwai ya iso, mako uku da ciwon nan ya kayar da kai. Kai, ban taɓa ganin kaya masu taurin kai irin waɗannan ba! Kwalkwalin kamar tukunya, safar hannun kuwa ko yatsa ba ta lanƙwasuwa. Na tuna yadda kake cewa sabon sulke sai ya sha gumi yake sanin mai shi. To, tunda kai kana kwance, na ce bari in rage maka aiki kafin jarrabawar watan Afrilu.

Kullum da hantsi sai in sa safar dama, in riƙe takobinka na gora, ina damƙewa ina saki. Shunin safar ya rine mini hannu har gwiwa. Mai sayar da awara ta tambaye ni ko rini na koma.

Jiya abokinka Kuniyoshi ya zo, ya same ni a haka. Dariya ya yi har da riƙe ciki. Wai, “Haba Chizuru, shekara talatin da takwas kina wanke wa mutumin nan kaya, ba ki san da hagu ake riƙe takobi ba? Dama ai ’yar rakiya ce!” Sai kuma ya tuna ɓangaren da ya shanye maka, dariyar ta tsaya. Ko shayinsa bai ƙarasa ba.

Na ji kunya, na kuma ji haushinka. Sau nawa na tambaye ka abin da kuke yi a ɗakin horon nan, ka ce ba zan gane ba? Yau dai na koma kan ta hagu.

Ka riƙa yin motsa jikin da suka ce.

Matarka,
Chizuru

Miyakonojo, 2 ga Maris

Baban Sayuri,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ya jiki. Takardarka ta iso, na karanta ta sau huɗu.

Ashe likita ya faɗa maka. Ni ya faɗa mini tun farkon Fabrairu cewa yatsun hagu ba za su sake damƙa ba. Na ɓoye maka, ka yafe mini. Duk ranar Lahadi ina zuwa ina yi maka hirar Afrilu, kai ma kana gyaɗa kai. Ashe kowa lallaɓa ɗan’uwansa yake yi.

Ka ce in ba Kuniyoshi sulken ya ba wani ɗalibi, kada ka dawo gida ka gan shi. Na kai masa. Ya jujjuya safar hagun, ya matsa fatar tafin, ya ce, “Wannan ta riga ta yi laushi. Mijin naki Tsuneo ya zo ya faɗa mini da bakinsa in ya isa.” Ya maido mini har ƙofa, idonsa ja.

Baban Sayuri, shekara tara kana faɗuwa jarrabawar nan, kana dawowa kana fushi da kowa har kyanwa. Ban taɓa zaton zan yi kewar fushin nan ba. Na san ba za ka tsaya a gaban alƙalai ba. Na daina yaudarar kaina. Amma ka saya, ka auna hannunka a kan takarda aka ɗinka, kuma ko sau ɗaya ba ka sa ba. Wannan ne ya ƙi barina.

Ranar Lahadi zan zo da ta hagu kaɗai a cikin jakata. Ba sai ka yi komai ba. Zan ɗaga hannun da kaina, in zura yatsun ɗaya bayan ɗaya, in ɗora nawa a kai in damƙe maka. In za ka yi faɗa, ka bari sai na gama.

Taka,
Chizuru