Akwai Ƙorafi, Kofur?

Mampong

Zuwa ga Lauya Esinam Kpodo, Ƙungiyar Inuwar Tsofaffin Sojoji, Accra.

Ranki ya daɗe, gaisuwa da girmamawa. Ni ne Kofur Bekoe Ntiamoah. An ce kuna tsaya wa irinmu kyauta. Ki yi haƙuri da wasiƙa, waya ba ta yi mini amfani yanzu.

Shekaru da yawa da suka wuce, ina soja, wani kyaftin ya mare ni a filin fareti saboda igiyar takalmina ta kwance. Tun ranar kunnena na hagu ya mutu, na daman ma sai an ɗaga murya. Daga baya ya ba ni umarni ta bayana, ban ji ba, aka ce na bijire, aka yi mini korar wulaƙanci. Bara abokina Saje Ofosu ya rasu, aka lulluɓe akwatinsa da tuta, aka busa masa bigila. Ni kuwa na tsaya bayan rumfa kamar ɓarawo. Ina so a wanke sunana kafin tawa ranar ta zo.

Na bar ki lafiya.
Kofur Bekoe

Accra

Papa Bekoe,

Ina gaisuwa. Ya Maame Afrakoma da jikoki?

Raina a ɓace yake, gara in faɗa maka. Sai da muka sha wuya kafin kwamitin duba ƙorafin tsofaffin sojoji ya yarda ya saurare mu. Na kawo rahoton likitan kunne, mun yi ta bita har ka haddace maganarka. Sai ga ka da tsohuwar hularka ta soja, takalmi yana sheƙi. Tsohon kanar ɗin da ke shugabanta ya ɗago kai ya daka maka tsawa irin tasu, “To, Kofur, akwai ƙorafi?” Ka yi zumbur ka ƙame, ka sara masa, ka ce, “Babu, ranka ya daɗe!” Magatakarda ya rubuta. Kafin in tattara takarduna ka tsere tasha.

Na roƙe su, sun ba mu zama ɗaya na ƙarshe. Ƙa'idarsu ita ce mai ƙorafi ya faɗa da bakinsa, ba zan iya faɗa a madadinka ba. In ka sake cewa babu, an rufe maganar ke nan har abada. Don Allah ka amsa mini.

'Yarka,
Esinam

Mampong

'Yata Lauya,

Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki. Ni ce Afrakoma, matarsa. Ba zai amsa miki ba, kunya ta hana shi. Tun da ya dawo yake wuni a gonar koko, sakwarar ma sai na yi da gaske yake taɓawa.

Kada ki yi fushi da shi. Na zauna da shi a bariki, na san abin. Duk ranar duba sojoji sai hafsa ya bi layi yana tambayar ko akwai ƙorafi, kuma ba wanda ya taɓa cewa akwai ya kwana lafiya. Ranar da kunnensa ke zubar da jini ma babu ya ce. Na tambaye shi, “Kai tsoho, me ya kai ka?” Ya ce, “Afra, ban san na faɗa ba. Ƙafafuna ne suka miƙe, bakina ya bi su.” Na yi masa dariya, na shiga ɗaki na yi kuka.

Amma ni na san wani Bekoe da ba ki sani ba. Lokacin rikicin iyakar gonarmu, ya yafa zane ya je gaban dattawa, ya cire takalmi, ya sauke zanen daga kafaɗarsa yadda mai kawo ƙara ke yi a nan, ya yi magana har sai da mai unguwa ya ce ya isa haka. Da kaki kurma ne kuma bebe. Da zane kuwa, ki toshe kunnenki.

Na ɓoye hular da takalman sojan a gidan ƙanwata. Yana ta zarya yana zargin jikoki. Zan ɗora shi a mota da zanen mahaifinsa. Ƙafata ba za ta kai ni Accra ba, sai ki zama idona.

Ki gaida mutanen ofis.
Maame Afrakoma

Accra

Maame,

Ina gaisuwa. Ba su yanke hukunci ba tukuna, sun ce sai wata mai zuwa, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba.

Kanar ɗin ya sake yin tambayar. Na ga gwiwoyin Papa sun motsa, hannunsa ya fara tashi zuwa goshi. Sai hannun ya tsaya a kafaɗa. Ya zame takalmansa, ya sauke zanen a hankali, ya juya musu kunnen da ya mutu, ya nuna shi da yatsa.

Ya ce, “Akwai, ranka ya daɗe.”

Sai da magatakarda ya nemi ƙarin takarda.

Ki huta lafiya.
Esinam