An Rufe Sashenmu, Mama

Vidin, watan Oktoba

Mamana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, kuma ciwon bayan nan ya sassauta. Yaya tsohuwar da kike jinya a can Italiya? Har yanzu tana ɓoye miki makullin kicin? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

An koma kwaleji. Bana darussa uku muka sa gaba: kula da jama'a, wanda shi ne nawa na ainihi, sai jigilar kaya da sarrafa kasuwanci da aka ce dole kowa ya taɓa. Ajinmu ya zama kamar coci ranar Talata. Bara in ka makara sai tsayuwa, bana ko benci biyu ba mu cika ba. Malam Kirilov mai koyar da jigila ya shigo ya ƙare mana kallo ya ce, "Ku ne ragowar kayan da ba a samo wa mota ba tukuna?" Kowa ya yi dariya ban da ƙawata Nevena, don ita ma saurayinta ya samo mata aiki a Jamus.

An tura ni koyon aiki gidan tsofaffi na bayan tashar jirgin ƙasa. Ina son aikin, Mama. Na iya juya mutum a gado ba tare da ya ji zafi ba, na kuma iya lallashin wanda ya ƙi buɗe baki a ba shi abinci. Yammarsu ce ba na so. Ana jera su gaban talabijin, amma duk idonsu na kan ƙofa.

Sai maganar Kaka Todor. Ban so na ɗaga miki hankali, amma mahaifinki ne. Ya fara fita bakin kogi da tsohuwar hularsa ta aiki, wai jirgin dakon kayansu na jiransa. Shekaranjiya na dafa masa miyar wake, ya ci ya ce, "Radka, gishirinki ya yi yawa kamar kullum." Da sunanki ya kira ni. Ban gyara masa ba.

Ki gaida kanki da kyau. 'Yarki,
Boyana

Vidin, watan Janairu

Mama,

Ina gaishe ki, da fatan sanyin can bai kai namu ba. Na ga rigar sanyin da kika aiko, ta yi mini daidai, Allah ya saka.

Ban zauna jarrabawar sarrafa kasuwanci ba. Da safiyar ranar na tashi na tarar da ƙofa a buɗe, dusar ƙanƙara har cikin zaure. Sawun Kaka na bi. Na same shi a tsohuwar tashar jiragen ruwa, zaune kan ƙarfen da ake ɗaure igiya, silifas ne a ƙafarsa. Da na kama hannunsa ya ce, "Yarinya, kin ga kyaftin? Mutumin nan bai taɓa makara ba." Yatsunsa biyu na ƙafa sun yi baƙi saboda sanyi, likita dai ya ce ba za a yanke ba. Malamar darasin ta yarda na zauna jarrabawar daga baya, sai dai ta ce, "Boyana, ke da kike koyon tsara aiki, ki fara tsara gidanku mana." Na san ba da mugunta ta faɗa ba, amma a banɗaki na ƙarasa wunin ina kuka.

Wannan duk mai sauƙi ne. Makon jiya shugaban kwaleji ya tara mu ya ce za a rufe sashen kula da jama'a, ɗalibai sun yi kaɗan. Nevena ta riga ta tafi. Mu da muka rage ko mu koma jigilar kaya, ko mu haƙura da takardar shaida gaba ɗaya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, garin nan fa duk tsofaffi ne." Ya ce, "Haka ne, 'yata. Shi ya sa babu ɗalibai."

Koyon aikin jigila kuwa a wani babban sito ake yi a Sofiya, babban birni, zangon karatu guda cur, can za mu zauna. Wa zan bar wa Kaka? Maƙwabciyarmu Baba Velika ita kanta da sanda take tafiya. Na je ofishin jin daɗin jama'a na nemi mai zuwa gida ta duba shi, matar da ke wurin ta ce duk masu wannan aiki suna inda kike.

Mama, ki dawo. Ban taɓa roƙonki haka ba. Ko zuwa bazara ne kawai.

Taki har kullum,
Boyana

Vidin, watan Maris

Mama,

Ina gaisuwa. Ina fata kin daina kukan da kika yi a waya. Na fahimta, in kika taho aikin ya tafi, mu duka kuma a kansa muke tsaye. Ban riƙe ki a zuciya ba. Na gaji ne kawai, irin gajiyar da barci ba ya cirewa.

Na sa hannu na koma jigilar kaya. Yanzu wuni nake ina lissafin yawan kayan da tirela za ta ɗauka, da hanyar da ta fi kusa zuwa kan iyaka. Malam Kirilov ya ce ina da kai. Ya ce in na gama kamfanoni za su yi rububina, a Holan ma. Yana tsammanin albishir yake mini.

Ranar Litinin na kai Kaka gidan tsofaffin da na yi koyon aiki. Shugabar ta ba shi gado kusa da taga saboda ni. Na san gidan ciki da waje, wannan ne ya fi ci mini rai. Na san ma'aikaciya ɗaya ce ke da ɗakuna takwas, na san ranar wanka, na san kujerar da za a ajiye shi da yamma. Na rubuta sunansa a wuyan rigunansa kamar yadda aka koya mana a aji. Na yi shi tsaf babu kuskure, kuma na ji kunyar hakan.

Bai yi gardama ba ko kaɗan. Na gyara masa gado, na ba shi kindirmo da cokali, na yanke masa farce. Yana ta bina da ido cikin ladabi, kamar baƙo. Da na ɗauki jakata ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ma'aikaciya. Kin tashi aiki ke nan? Maza ki tafi gida, kada ki bar mutanenki suna jira."

Na ce to.

Na koma gida na kashe ruwa da wuta, na zuba wa kyanwarmu abinci a ƙofar Baba Velika, makulli ma yana hannunta. Gobe da safe zan hau motar Sofiya. In kin kira gidan tsofaffin, ki nemi shugabar, Madam Petrana, kuma kada ki kira lokacin cin abinci, babu mai ɗauka. In aka ba shi wayar, ki faɗa masa sunanki tun farko.

Ki kula da bayanki.

'Yarki,
Boyana