Abin da Agogo Ya Ce Na Ƙona

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Gimbiya? Wankin ƙodar wannan makon ya zo mata da sauƙi? Ke kuma yaya kwanan kujera? Sauran yaran ƙalau suke, Goggo na kula da su.

Na rubuto ne maimakon in kira, domin wayarki kullum tana gefen gadonta, kin kuwa san kunnen yarinyar nan.

Yau na hau sikeli a asibitinmu na nan, ban ragu ba ko kaɗan. Kin tuna abin da likita ya ce: ƙodata ta dace da tata, amma ba zai yi mini aiki ba sai na sauke ƙiba. Tun daga ranar ban taɓa fashin fita ba. Da zarar burodin farko ya fito daga tanda nake bar wa ma'aikata gidan burodin, in yi ta zagaye filin makaranta har rigata ta jiƙe sharkaf, ina haki kamar tsohon janareta.

Ƙanena ya ba ni wani agogon hannu mai nuna kalori, wato yawan ƙarfin abincin da mutum ya ƙona. Ya ce duk abin da ya nuna halak ɗina ne, in ci in mayar, in ba haka ba jiki zai karye. Ni kuwa in na dawo yunwa ce ke cina, ga burodi mai zafi jere a tire duk inda na juya. Sai in duba agogo, in yanki daidai abin da ya ce, in shafa bota. Ashe abin da na fitar da safe shi nake mayarwa kafin rana ta take.

Wani tsohon soja da muke zagaye tare ya ce kada in mayar da ko loma ɗaya. Na rasa wa zan bi. Wata guda ya tafi a banza, ita kuwa tana can ana ta huda mata hannu. Daga gobe maganar sojan zan ɗauka.

Ki shafa mini kanta.

Naki har kullum,
Baban Gimbiya

*

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin mai jiki, saƙonki ya iso gare ni ta hannun direba. Da na karanta inda kika ce jijiyar hannunta ta fara ƙin karɓar allura, zama na yi a kan buhun fulawa na kasa tashi.

Gara ki ji daga bakina kafin Goggo ta riga ni. Na faɗi a wurin aiki. Na daina mayar da komai, na soke abincin rana, na ƙara zagaye da yamma. Sikeli ya fara sauka, na yi ta murna. Shekaranjiya ina jawo tire daga tanda sai na ga duhu. A asibiti na farka, da ƙuna a damtse. Ba ta da zurfi, kada ki damu.

Abin damuwar shi ne gwajin jini. Likita ya kalle ni ya ce, "Malam, ƙodar da kake tanada mata ita kake wahalarwa. In ka sake haka, zan cire sunanka." Ya ɗaga ranar aikin.

Ki duba halin da nake ciki. In na ci ba na raguwa, in na ƙi ci ina lalata abu ɗaya tak da nake da shi da zai amfane ta. Shekara da shekaru ina wasa da tumbin nan, yara suna buga shi kamar ganga muna dariya, yau shi ya tsaya tsakanina da 'yata. Jiya na ɗauki dafaffen ƙwai, na riƙe shi har ya huce, ban san ko cinsa ne alheri ko barinsa ba. Na yi kuka a gaban ma'aikata, abin da ko ranar rasuwar Baba ban yi ba.

Ki roƙa mini likitocin can su ƙara mana lokaci. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Baban Gimbiya

*

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da Gimbiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Ki yafe shirun da na yi, ba na so in rubuto hannu wofi.

Likita ya haɗa ni da wata ma'aikaciya mai tsara abincin marasa lafiya. Ta ce agogon ƙiyasi yake yi, kuma yakan zuzuta. In ci abincina uku yadda ta tsara, in sha ruwa sosai, ranar da zagaye ya yi yawa in ƙara ɗan abu kaɗan, ƙwai ko 'ya'yan itace, ba duk abin da agogo ya ce ba. Na mayar wa ƙanena kayansa. Na koma teburin ɗaure leda, nesa da tanda.

Saukar ta yi ta jan ƙafa, har na ɗebe tsammani. Akwai makon da sikeli bai motsa ba, na zauna a bakin filin na kasa shiga. Yau da safe dai na hau, likita ya duba, ya sake dubawa, ya duba gwajin jini, ya sa hannu. Ranar Laraba zan taho.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki fara shirya ta tun yanzu. Wuyana ya fito, kumatuna sun zube, wando sai da na ƙara wa bel huda. Ta ga mutane da yawa suna ramewa a ɗakin nan, ta kuma san abin da ke biyo baya. Ki gaya mata babanta lafiyarsa ƙalau, kada in shigo ta tsorata.

Sai na zo.

Mijinki,
Baban Gimbiya