Baba Ya Ce Ƙafarsa Ƙafar Kofur, Kofur Kuma Ba Ya Jure Mota

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na san an fi kawo miki matsalar aure da ta 'ya'ya, ni kuma maganar kare na zo da ita, amma ki daure ki karanta, don a ƙarƙashinta maganar mahaifina ce.

Baba kafinta ne, ya tsufa. Tun rasuwar Mama yake zaune shi kaɗai, daga shi sai karen da ke gadin shagonsa, wanda yake kira Kofur saboda yadda yake ƙamewa a bakin ƙofa. Bana ƙafafun Baba suka fara gazawa. Ya faɗi a banɗaki, haushin Kofur ne ya sa maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare. Ni ɗaki ɗaya muke haya da mijina da yara, shi ya sa muka tsayar Baba zai koma wurin Yaya, babban wanmu, tafiyar yini guda a mota. Baba bai yi musu ba, sharaɗi ɗaya ya kafa: ƙafarsa ƙafar Kofur.

To Kofur ba ya jure mota ko kaɗan. Dama bai taɓa shiga ba sai in maƙwabcin Baba zai kai shi allura a tsohuwar motarsa, kuma ba a kai ƙarshen layi sai ya fara haki da dalalar miyau, sai amai. Yaya kuwa motar haya yake ja, da ita yake ci da iyali, ko yaro ya hau kujera da takalmi sai an ji muryarsa.

Da Baba ya ji Yaya na ƙorafi, sai ya ɗauki zarto da guduma, a zaune, ya haɗa wa Kofur akwatin katako. Gwaggo, ba ki ga akwati ba! Ko allura ba za ta shiga tsakanin katakon ba, sai ƙananan huji a murfi, ya kuma shafe shi da fenti ciki da waje, wai don kada ko ɗigo ya taɓa motar ɗansa. Da Yaya ya zo muka ce a gwada. Ni kuma da tausayina na cika wa Kofur kwano har sau biyu, kamar yadda Mama ke yi mana in za mu yi tafiya. Aka sa akwatin a but ɗin mota, Yaya ya fesa turaren mota, ya ɗaga gilasai.

Ba mu yi nisa ba muka ji kuka da kartar katako. Ko da aka buɗe, Kofur na kwance cikin amai, jikinsa na rawa, ya kasa miƙewa. Garin fito da shi akwatin ya kife a but. Yaya ya wuni yana wanki, ya rantse kare ba zai sake shiga motarsa ba, ya ce ƙarshen wata zai dawo ya ɗauki Baba shi kaɗai. Baba kuwa sai ya tashi. Ya shiga ɗaki ya zazzage jakar da na shirya masa, ya mayar da kayan cikin durowa.

Yanzu duk lokacin da wayata ta yi ƙara, ina tsoron a ce Baba ya sake faɗuwa. Mijina ya ce in sayo ƙwayar hana amai ta mutane in tura wa karen a abinci, in ta ƙi, mu ba da shi a ɓoye mu ce ya ɓata. Wallahi har na fara tunanin yin hakan, ina kuma jin kunyar kaina. Yaya ba ya ɗaga wayata. Ya zan yi?

Autar Kafinta

Auta, 'yata, sannu. Bari in fara da abin da ba ya jira: kada ki ba karen nan maganin mutane. Wasu ƙwayoyin da muke sha lafiya lau kisa suke yi wa kare. Ki je wurin likitan dabbobin da ke yi masa allura, akwai maganin hana amai na karnuka, shi zai duba nauyin Kofur ya faɗa miki yadda za a ba shi. Maganar ɓatar da shi kuma ki cire ta daga ranki. Baba zai gane, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda da bakinki ba.

Kada kuma ki ɗauki Yaya mugu. Mutumin da fasinja ke shinshina motarsa kafin su shiga yana da gaskiyarsa. Sai dai gwajin da kuka yi ba gwaji ba ne. Ko ni aka cika wa ciki, aka rufe a akwati mai warin fenti cikin but, aka bi da turare, abin da Kofur ya yi zan yi. Kowannenku da ƙauna ya yi nasa, ita ce ta taru ta kwantar da karen.

Ki koma wurin Baba a matsayinsa na kafinta. Ki ce aikin bai ƙare ba: ya cire katakon gefe ya sa sanduna yadda iska za ta ratsa, ya kankare fentin ciki, a bar akwatin a waje har warin ya fita. Wurinsa kujerar baya ne, a shimfiɗa tamfol, a ɗaure shi da bel, fuskar karen na kallon gaba. A sa masa tsohuwar rigar Baba a ciki. Ranar tafiya ban da abinci tun daga na jiya da yamma, ruwa kaɗan-kaɗan kawai. Ban da turare, a sauke gilashi kaɗan, a fita da sanyin safiya, a riƙa tsayawa ana zagayawa da shi da igiya. Kada a bar shi a rufe cikin mota a rana ko na ɗan lokaci.

Rabin ciwon Kofur tsoro ne, don a saninsa ƙarshen kowace mota allura ce. Ki roƙi maƙwabcin nan aron motarsa kullum da yamma. Da farko a zauna kawai ba a kunna ba, sai a kunna, sai zuwa ƙarshen layi, ana ƙarawa a hankali. Ranar da ya zagaya unguwa lafiya, ki ɗauki bidiyo ki tura wa Yaya ba tare da doguwar magana ba. Direba ne, abin da ya gani da ido ya fi shigarsa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba: duk gwajin da za a yi, Baba ya zauna kusa da akwatin, hannunsa a kan sandunan. Mutumin da ya zazzage jakarsa ba don kare kaɗai ya yi ba, gidan da ya zauna da mahaifiyarku ake ce masa ya bari. Shi ma yana bukatar ya saba fita daga ƙofar nan kaɗan-kaɗan, kuma zai fi masa sauƙi in yana ganin Kofur yake koya wa. Kada ki sake shirya masa jaka, ki bari ya ɗauko ta da hannunsa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sanyaya zuciyar Yaya, ya sauke su su uku lafiya.

Gwaggonku