Kwalaben da ke Jakar Najwa

Mpape, Abuja

Zuwa ga Yayata Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar taki? Saƙon ta'aziyyarki ya iso, Allah ya saka da alheri.

Yaya, an gaya muku zazzaɓi ne ya ɗauke mini Najwa. Ba zazzaɓi ba ne. Maganin tari ta sha, wanda 'yan mata ke zubawa cikin lemo, ta haɗa da ƙwayoyi. Da azahar na same ta tana minshari, na yi ta girgiza ta, ba ta farka ba. Na ga kwalabe biyu a jakarta.

A mota Abdulmajeed, ƙanen babanta, ya ce kada wanda ya ambaci kwalba, 'ya mace ce, sunanta zai ɓaci. A asibiti ya yi musu Turanci, wai azumi ta yi ta suma. Suka sa mata ruwa, suka kwantar da ita can ƙarshen ɗaki. Akwai gado mai na'urar da ke ƙirga numfashi, tana kuka idan ya yi ƙasa. Ba su ba ta ba, don ba su san tana bukata ba.

Ina zaune ina jin minsharin yana ja baya, ina cewa barci ne ya yi daɗi. Wata nas mai suna Glory ta zo wucewa, ta ɗora hannu a ƙirjin Najwa tana kallon agogo. Sau biyar yarinyar ta ja numfashi a minti guda. Ta tambaye ni me yarinyar ta sha. Sai a lokacin na faɗa. Suka rugo da allura da iska, amma an makara. Na san kwana ne ya ƙare, amma awa biyu na yi da maganar a bakina. Har yau Abdulmajeed cewa yake mun rufa mata asiri. Ko kallonsa ba na iya yi.

Ga dalilin wasiƙar. Nazeefarki tare suke sha da Najwa tun zuwanta hutu wurinmu. Ita ta faɗa mini tana kuka, ta roƙe ni kada ki ji. Jibi za ta hau mota ta dawo gida. Kada ki doke ta. Idan kika gan ta cikin irin wannan barcin, kada ki lulluɓe ta. Ki kai ta asibiti, ki faɗi sunan abin tun daga bakin ƙofa, ko wa ke tsaye a wurin.

Ki gaida Malam. Idan kin ji haushina, na yarda.

Ƙanwarki,
Luba